Lisans ɗin da na bari a cikin kwamfutar habbanaye

Shekarun baya, lokacin da na buɗe ɗan shagon buga takardu a bakin kasuwar Dakoro, ko kwamfuta ba ni da ita. Tebur nake da shi da benci, sai takardar gama lakwal, wato makarantar boko, wadda ta ƙi samo mini aiki. Wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna abokin mahaifina ne, wani dattijo Bafillace da ke zaune a Tagris, shugaban wata ƙungiyar makiyaya. Baffa muke ce masa tun muna yara. Wani aikin taimako da aka yi a yankinsu ya ƙare ya bar wa ƙungiyar kwamfutar tebur, ga shi a lokacin ba su da wuta, sai ta zauna a lulluɓe da zane ba mai taɓa ta. Da ya ji halin da nake ciki, ya shawarci mutanensa, ya sa aka ɗora ta a motar kasuwa, ya kawo mini har shago da kansa.

Da na fara jero godiya sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ba kyauta ba ce, ɗana. Habbanaye ne. Ka riƙe ta har ta haihwa maka taka."

Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adar makiyaya ce. Mai shanu zai ba wanda ba shi da ko ɗaya aron karsana. Wanda aka ba zai kiwata ta, ya sha nononta, har ta haihu sau biyu ko uku, gwargwadon yadda aka yi magana. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuma ta koma ga mai ita. Na san wannan a baki tun ina ƙarami, kuma ina ganin na san shi ciki da waje. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, za ku gani.

Kwamfutar ta yi mini aiki, ba zan ci amanarta ba. Amma sistem ɗin da ke cikinta, wato babban tsarin da ke tafiyar da komai, kwafin sata ne wanda wani ya zuba mata. Kullum sai ta fito da gargaɗi a kusurwa cewa wannan kwafi ba na gaskiya ba ne. Wata rana wani malamin lakwal da ya kawo mini aiki ya sunkuyo ya karanta gargaɗin da ƙarfi, ya kuma fassara wa mutanen da ke kan benci, aka yi ta dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, abin da wani zai manta kafin la'asar ni sai in kwana uku ina tauna shi. Na daure shekara guda ina tarin kuɗi, na tafi Maradi na sayo lisans na gaskiya, lasisi ke nan, irin na kwali wanda aka yarda mai shi ya cire daga wata kwamfuta ya kai wata. A cikin kwalin akwai faifai da ɗan kati mai ɗauke da haruffa da lambobi ashirin da biyar, shi ne mabuɗin.

Abokina mai gyaran waya da kwamfuta, wanda rumfarsa ke kallon tawa, sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Kai kaɗai ne cikin garin ga ka sayi abin da kowa ka samu banza. Da ka ba ni kuɗin na ci nama na sa maka albarka."

Bayan shekara uku Allah ya hore mini na sayi tawa, kwamfutar hannu ta gwanjo, lafiyayya amma an wanke ta tas, ba ta da lisans nata. Lokacin mayar da uwa ya yi. Na kwance tsohuwar na hure ta, na goge, na saya mata sabon linzami, ɗan abin nan da ake ja a tebur ana dannawa, na haɗa da goro da sukari da ganyen shayi, na kai ta Tagris. A lokacin ƙungiyar ta samu wutar sola, kuma babbar ɗiyar Baffa, wadda muke ce wa Adda don ta girme ni, ita ce sakatariyarsu, ta ma koyi aiki da kwamfuta.

Lisans ɗina na bar shi a ciki, kuma da gangan na bar shi. A raina na ce ba a mayar da saniya a rame. Sannan na ɗauka tunda katin yana hannuna, zan zuba mabuɗin a sabuwar, tsohuwar ma ta ci gaba da nata, kowa ya samu. Ban tsaya nan ba, sai da bakina ya ja mini. A gaban dattawan da suka taru na ce, "Baffa, na bar maka wani abu mai tsada a cikinta, wanda ba ta zo da shi ba." Ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Na dawo Dakoro ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Ba a yi wata guda ba sai ga aiki mafi girma da na taɓa samu. Wata ƙungiya mai rigakafin dabbobi tana neman wanda zai riƙa shigar mata da sunayen makiyaya da garkensu har tsawon shekara. Sun yarda da ni, amma da sharaɗi guda: ranar Litinin ta sama za su turo ma'aikacinsu ya duba kwamfutata, kuma ba sa ɗora bayanansu a kan injin da ba shi da lisans na gaskiya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ranar Talata ce. Na ɗauko katina, na shigar da haruffan nan ɗaya bayan ɗaya ina taƙama, na danna. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta ce an riga an yi amfani da wannan mabuɗi a wata na'ura. Na sake, ta sake faɗa. Na kashe ta na kunna, na canja wurin zama ko matsalar rezo ce, wato layin sadarwa, duk amsa ɗaya.

Na tsallaka wurin abokina. Ya duba ya ce akwai hanya: kamfanin da ya yi sistem ɗin yana da lambar waya, ka kira, ka karanta musu wasu dogayen lambobi da kwamfutar za ta nuna, su ba ka wasu ka shigar, shi ke nan. Na sayi kiredi, kuɗin kira a waya, muka zauna a rumfarsa na kira. Bayan na gama danne-danne sai wata mata ta ɗauka, tana Faransanci mai santsi. Na karanta mata lambobin, ta ce to. Sai ta tambaye ni, wannan mabuɗin a kan kwamfuta nawa yake yanzu?

Abokina ya ɗaga yatsa ɗaya yana kaɗa shi har yana neman tsone mini ido. Ni kuwa na buɗe baki na ce biyu.

Kada ku ɗauka tsoron Allah ne ya yi mini yawa. Wallahi bakina ne ya riga ni, kamar yadda yaro ke amsa wa malami. Matar ta ce cikin ladabi, lisans ɗin na na'ura ɗaya ne, in cire shi daga waccan tukuna in sake kira. Ta yi mini fatan alheri ta kashe.

Abokina ya dafe kai. "Mi ya kai ka? Biyu! Tun da aka kahwa Dakoro ba a yi wanda ya yi wa mutanen ga gaskiya ba sai kai. Sake kira, wata za ta ɗauka, ka ce ɗaya."

Na ce ai ba ɗaya ba ce.

"Wa za shi gani? Injin ga tana Tagris, ko rezo ba ta taɓa shaƙa ba. Matar ga za ta hau mota ta tahi ta duba?"

Gaskiyarsa ce, ba mai gani. Da tun farko ɗaya na faɗa, ina kyautata zaton da na kwana lafiya ban ma tuna ba. Amma magana zarar bunu ce. Na riga na ji da kunnena yadda abin yake, kuma ni ne mutumin da ya yi shekara yana tarin kuɗi don kada a sake kiran kayansa na sata. In na sake kira na yi ƙarya, ashe kuɗina na zubar don in sayi sata mai kwali. Sayen wani lisans kuwa ba ya cikin lissafi, sabuwar kwamfutar ta kwashe abin da nake da shi. Hanya ɗaya ta rage: in koma Tagris in cire abin da na yi alfahari da bayarwa a gaban dattawa. Gaba kura, baya siyaki. Na ce wa abokina zan je.

Ya ce, "Za ka tahi ka amshe kyauta hannun tsoho? Kai dai taurin kanka shi za ya kashe ka."

Na ce in ya kashe ni ya zo ya ɗauki makara.

Ban tafi hannu rabbana ba. Na san in na cire mabuɗin, kwamfutar Adda za ta koma yi mata gargaɗin nan, ni kuma ba zan mayar mata da kwafin sata ba. Abokina, duk da tsiyarsa, shi ya gaya mini akwai wani sistem da masu shi suka yi shi kyauta don kowa, halal ɗinsa, ba lisans ba mabuɗi. Sauko da shi da rezon garinmu na lokacin shi ne aiki. Yini biyu na yi ina gadinsa. Ya kai rabi ya yanke, na sake. Ya kusa ƙarewa aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. A karo na uku na zauna gabansa ko abinci sai kawo mini aka yi, ina kallon layin nan yana tafiya kamar hawainiya, har ya cika. Na zuba shi a 'yar kile, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, na gwada shi a rumfar abokina har na iya hanyoyinsa daidai gwargwado.

Ranar Juma'a da hantsi na hau bayan a-kori-kura, jakar kwamfuta a ƙirji, buhun gishirin dabbobi a ƙarƙashina. Ƙarshen damina ne, hanya duk ta cabe. Sau biyu muna sauka mu tura. Duk tsawon tafiyar ina shirya yadda zan fara maganar, in shirya in rushe. Ban samu ko ɗaya da ba ta yi kama da ta ɗan iska ba.

Baffa ya tarbe ni da murna, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, don su ba sa tambayar baƙo. Ni kuma na yi ta kewaye-kewaye. Na tambayi lafiyar shanu, na tambayi ruwan rijiya, na tambayi wani bijimi da na gani sau ɗaya a rayuwata. Muka sha shayi na fari, na biyu, na uku, har rana ta faɗi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Na kwanta ina zagin kaina, ga Litinin tana matsowa.

Da safe bayan an tatsi nono ya kira ni gefe, ƙarƙashin wata adduwa, daga ni sai shi. Ya ce, "Ɗana, jiya ka gaida shanuna ɗaya ɗaya, sun amsa. Yanzu hwaɗa mini abin da ya hana ka cin tuwo."

Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga malamin da ya karanta gargaɗi har matar waya. Na ce na zo roƙon abin da na riga na bayar, kuma na san abin kunya ne, in ya ce a'a ba zan ga laifinsa ba.

Ya ɗan yi wasa da sandarsa a ƙasa. Can ya ce, "Tsaya. Abin ga da kake hwaɗi, da shi injin ta zo hannunka?"

Na ce a'a, ni na saya.

"Da mi ka saya?"

"Da abin da na samu a aikin da ta yi mini."

"Tana hannun wa lokacin?"

"Tana hannuna, Baffa."

Sai na ga fuskarsa ta canja, kuma ba irin canjin da na yi tsammani ba. Ya buga sandar a ƙasa. "Ashe maraƙi ne! Ni na ɗauka irin ɗan linzamin nan ne da ka ƙara, ko wani kwalliya. Ka maido mini uwa da ɗanta a bayanta, kuma ka hwaɗa gaban mutane? Wata guda ke nan ina riƙe da maraƙin habbanaye cikin garkena ban sani ba?"

Na fara cewa ai don girmamawa na yi, ya katse ni.

"Wane girmamawa? Kai ɗan birni, ba ka san abin da ka yi ba. Wanda ya ba da habbanaye ya amshi ɗa, ba taimako ya yi ba, kiwo ya ba da a yi mishi banza. Ubana bai yi haka ba, kakana bai yi ba. In Hilanin da ke nan suka gane abin da ka bar mini, wa za ya sake zuwa wurina neman karsana? Za a ce tsohon ga yana ba da uwa ya amshe da riba. Ni na ba ka don ka tashi, kai kuma ka zo ka biya ni kamar mun yi ciniki."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar da na taho da ita ba ce. Na taho ina tsoron ya ce na cika rowa. Ashe laifina a wurinsa shi ne na ƙi karɓar alherinsa cikakke. Da na duba zuciyata sai na tarar gaskiya ya faɗa. Shekara uku ina jin nauyin kwamfutar nan a wuyana, ina ɗokin ranar da zan mayar da ita da ƙari don kada a ce wani ya fi ni. Ban bar lisans ɗin don Baffa ba, don kaina na bar shi.

Ya miƙe ya ce, "Tashi. Yanzu za ka hid da abinka."

Kafin mu isa ɗakin ƙungiyar sai da ya tsaya ya kira biyu daga cikin dattawan da suka ji alfaharina, ya maimaita musu maganar a gabana, ya ce su shaida yaron nan ya yi kuskure ya bar maraƙinsa, yau ya zo ɗauka. Ɗayansu ya dube ni ya yi dariya har da tari. Na haɗiye.

Wadda ba ta ga abin dariya ba ita ce Adda. Tana zaune gaban kwamfutar tana aiki muka shiga. Da ta ji abin da za a yi ta juyo ta ce, "Ku da al'adarku. Ni takardun mutane ke cikin nan. In ƙanen nan nawa ya taɓa ta wani abu ya ɓace, wa za ya amsa?"

Na ce ni zan amsa, Adda.

"Da mi? Da bakin nan naka da ya jawo wannan duka?"

Ban musa ba. Na fara da kwashe takardunta gaba ɗaya zuwa kile, na sake kwafe su a kwamfutata, na sa ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta gani da idonta. Sai da ta ce ta yarda sannan na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na rubuta ɗan layin da abokina ya rubuta mini a takarda. Wani ɗan akwati ya fito ya ce an cire mabuɗi. Iyakar abin ke nan. Tafiyar yini guda da kunyar duniya, duk don wannan ɗan akwatin.

Baffa ya leƙo ya ce, "Ya hita?"

Na ce ya fita.

"Ina yake?"

Na nuna masa katin. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini.

Sauran yinin Asabar ɗin a kan zuba sabon sistem na kyauta ya ƙare. Na goge tsohon gaba ɗaya don kada a bar baya da ƙura, na mayar da takardunta, na zauna ina nuna mata inda komai ya koma. Tana koyo tana mita. Abin rufe shafi ya canja gefe, ta ce wanda ya yi wannan bahago ne. Injin buga takardar ƙungiyar kuma ya ƙi magana da sabon sistem ɗin sam, na yi iya yina har la'asar ya ƙi. Na yi mata alkawarin dawowa, kuma na dawo bayan sati biyu da abin da ake bukata na gyara. Amma sai da ta yi wata uku in na kira gaisuwa tana amsa mini a daƙile.

Saura kira. A garin ba a samun rezo mai ƙarfi sai a kan wani tudun yashi da ke bayan rijiya. Ranar Lahadi da sassafe na ɗauki kwamfutata na nufi can, sai na ga Baffa ya biyo ni da sandarsa. Na ce ya huta, hawan da wuya. Ya ce shi ya ga farkon abin nan, sai ya ga ƙarshensa. Adda ma ta biyo mu da takarda da alƙalami, wai ba ta yarda da kunnena ba.

Kiran farko ya yanke ina tsakiyar karanta lambobi. Na biyu ko shiga bai yi ba. Kiredina ya yi ƙasa, ga shi in ya ƙare babu inda zan saya sai an koma cikin gari, motar Dakoro kuma da azahar za ta tashi. Na matsa can ƙololuwar tudun, na tsaya cak ban ko motsa wuya ba, na sake kira. Wannan karon namiji ne ya ɗauka. Adda ta riƙe mini kwamfutar tana kare ta daga rana da mayafinta, na karanta lambobin a hankali. Sai ya yi tambayar: a kan kwamfuta nawa?

Na ce ɗaya. Na faɗe ta da ƙarfin da bai kamata ba, har mutumin ya ce ya ji.

Ya fara karanto nasa lambobin, ina maimaitawa, Adda ta ajiye kwamfutar a cinyarta tana rubutawa. Muka shigar da su rukuni rukuni. A rukuni na shida na karanta bakwai a inda ta rubuta ɗaya, ta buge mini hannu ta gyara. Na danna. Kwamfutar ta ce an kunna lisans. Na zauna daɓas a kan yashi. Daɗin da na ji ba zan iya kwatanta shi ba, har da 'yar ƙwalla, na fake da cewa rana ce.

Baffa ya ce, "Ya shiga garkenka?"

Na ce ya shiga.

"To yanzu habbanaye ya ƙare. Daga yau in ka zo, ka zo gaida ubanka, ba ka zo da sukari kana sunkuyar da kai ba."

Ranar Litinin ma'aikacin ya zo, ya buɗe kwamfutar, ya duba abin da zai duba cikin abin da bai kai shan kofin shayi ba, ya ce lafiya lau. Ko tambayata bai yi yadda aka yi ba. Na so ƙwarai ya tambaya. Na samu aikin, kuma daga shi ne shagon ya zama abin da ya zama. Abokina har yau in ya ga na shigo rumfarsa sai ya ɗaga yatsu biyu.

In na waiwaya, darasin kwamfutar shi ne mafi sauƙi: ka cire kafin ka kai wani wuri, ka adana katinka, ka san irin lisans ɗin da ka saya. Ɗayan darasin ne ya ɗauke ni shekaru. Na tashi ina ganin mutumci shi ne kada ka bari a yi maka abin da ba ka rama ba. Ban san karɓa ma sai an koya ba. Akwai alherin da in ka yi gaggawar biyansa ka ɓata shi, ka mayar da mai shi ɗan kasuwa alhali shi uba ya so ya zama. Har yanzu ina fama da wannan hali, ban ce na warke ba, amma in na ji zuciyata tana ƙaiƙayin rama abin da ba bashi ba, nakan ja mata burki.

Baffa ya rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa da rahama. Na je Tagris gaisuwa, na tarar da mutane daga rugage masu nisa, da yawansu waɗanda garkensu ya faro daga karsanarsa ne. Da jama'a suka ragu Adda ta kira ni gefe. Ta ce a 'yan watanninsa na ƙarshe yakan zauna yana lissafa wa baƙi waɗanda ya ba habbanaye, wane saniya, wane raƙuma, wane tunkiya, yana faɗin launin kowace da abin da ta haifa. In ya zo kaina sai ya yi dariya ya ce, "Wannan kuwa maraƙinta ban taɓa ganin shi da idona ba, amma na tabbata ya isa hannun mai shi, don ni na raka shi."

Na riƙe kaina tun safe ban yi kuka ba. A nan ne na kasa.